Wane faifai ya dace da lalube a ruwa marar zurfi?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Shekara guda ke nan ina lalube da na'urar gano ƙarfe a tudu, yanzu kuma ina so in fara shiga ruwa, iya gwiwa zuwa ƙugu, wuraren da mutane ke wanka zobba na sulluɓe musu. Faifan da ya zo da na'urata, wato zagayayyen nan na ƙarshen sanda da ke jiyo ƙarfe, inci 11 ne. Wani ya ce in nemi babba, inci 13 ko 15, wai ya fi jiyo abin da ya nutse. Na ce bari in ji ta bakinku tukuna.

Baba Mai Lalube: Wa'alaikumus salam, ɗana. Amsa mini biyu kafin a zo kan faifai. Ruwan daɗi za ka shiga ko na teku? Kuma wace na'ura ce a hannunka?

Sabon Hannu: Nokta Simplex+ ce, Baba. Galibi tafki ne da bakin kogi, teku sai jefi-jefi.

Injiniya: To da sauƙi. Wannan na'urar tana jure nutso har mita 3, kanta mai maɓallai da faifan duka, kuma a zango ɗaya take aiki, kilohaz 12. A ruwan daɗi ba ta da damuwa. Teku ce mai magana, domin ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, sai na'ura mai zango ɗaya ta riƙa jin tekun kanta kamar wani ƙarfe ne shimfiɗe. Ka ƙara girman faifai, ka ƙara yawan ruwan gishirin da yake leƙawa a lokaci guda, surutu ya ƙaru. Sai ka rage ƙarfin ji don ta yi shiru, zurfin da ka sayi babban faifan dominsa ya tafi ke nan. An yi ba a yi ba.

Ɗan Iyo: Injiniya ya faɗi ta lantarki, ni bari in faɗi ta damtse. Na taɓa shiga da inci 15 ruwa iya cinya. A tudu faifan nan kamar ba komai, amma a ruwa sai ka ce ƙyauren ɗaki kake turawa. Igiyar ruwa ta zo ta ɗaga shi, ta koma ta ja shi, ni kuwa ina kokawar danne shi kan yashi. Minti 40 ban cika ba gwiwar hannuna ta ɗauki zafi. Da na fito na duba, kunnen faifan guda ya tsage daidai inda notin roba ke shiga. Laifina ne, na ɗaure notin tamau don kada faifan ya riƙa karkacewa, ruwa kuma ya yi ta murɗa shi. Ranar marfin kwalba 6 na samu da ƙugiyar kamun kifi.

Mai Dogon Cebur: Ku yi mini afuwa, kada a kashe babban faifai gaba ɗaya. Idan teku ta janye ta bar jiƙaƙƙen yashi fetal, ba shara, ba jan ruwa, faifai mai tsawon inci 15 da faɗin 12 da nake sa wa na'urata Equinox ba ya da na biyu. Filin da zan share a awa ɗaya, mai ƙaramin faifai sai ya yini. Kuma zobe mai nauyi ba ya zama a sama, nutsewa yake yi har sai ya tarar da ƙasa mai tauri.

Baba Mai Lalube: Gaskiyarka, Malam, amma kai a gefen ruwa kake, shi kuwa ciki zai shiga. Kuma taka na'urar zanguna da yawa take aikawa lokaci guda, shi ya sa take iya ware gishiri ta yi shiru. Tasa ba haka take ba. Ka duba Excalibur II ta Minelab, wadda aka ƙera don masu nutso har mita 60. Faifanta inci 8 ne ko 10, a liƙe, ba a ma cirewa. Masu ƙera ta ba rasa robar yin babba suka yi ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa sabo ba: a ruwa, jin abu daban, ciro shi daban. Ramin da ka haƙa kan ka ɗago cebur ya rufta. Abin da ya wuce taƙi guda a ƙarƙashin yashi, ko ka ji shi, sau da yawa sai dai ka yi masa sallama.

Hajiya Mai Haƙuri: Ni dai a tafki nake nawa, kuma ƙaramin faifai ne ya rufa mini asiri. Wurin da ake sauka wanka cike yake da kunnen gwangwanin lemo, marfin kwalba, ƙusoshi, fil ɗin gashi. Babban faifai yakan hau kan abu uku lokaci ɗaya, ƙarar ta cakuɗe, ba ka san me aka ce ba. Da inci 6 kuwa kowanne da muryarsa. Akwai ranar da na tsaya gindin wani dutse, na ji ƙarar ƙusa, na matsa yatsa uku gefe sai wata siririyar ƙara. Ɗan kunne ne ƙwaya ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba. Na sha bin wurin da inci 11 ban taɓa jin sa ba. Ƙanena, siririyar sarƙa da ɗan kunne ƙaramin faifai suke so.

Sabon Hannu: Allah ya saka, Hajiya. To batun siffa fa? Ina ganin ana rubuta DD, wasu kuma zobe cikin zobe.

Injiniya: DD naɗin waya biyu ne masu siffar harafin D, bayansu ya hau kan juna, sai wurin jin ya zama siririn layi daga goshin faifai zuwa ƙeyarsa, kamar kaifin wuƙa. Shi ya fi jure ƙasa mai ma'adini da gishiri. Mai zobe cikin zobe jinsa kamar mazurari yake, faɗi a sama, tsini a ƙasa, ya fi sauƙin nuna daidai inda abu yake, amma baƙin yashi mai ƙarfe-ƙarfe na rikita shi. Naka na yanzu DD ne. Kuma ka kula, faifai ba a aron na wata na'ura, ko da bakin wayar ya yi kama. Na taka akwai inci 8.5 zagayayye, akwai kuma dogo mai inci 9.5 da 5. Dogon nan yana yanka ruwa da kyau, yana shiga tsakanin duwatsu.

Ɗan Iyo: A ƙara da takalmin faifai, murfin robar nan na ƙasa. Yashi na shiga tsakaninsa da faifan, in baƙin yashi ne kuwa mai ƙarfe-ƙarfe, na'ura ta yi ta ƙara kana zaton ta lalace. Ni cire shi nake yi in zan shiga ruwa.

Hajiya Mai Haƙuri: A yashi zalla na yarda. Inda duwatsu suke kuwa ban cirewa, gara takalmin ya cinye da faifan ya cinye. Ina dai ɓalle shi in ɗauraye duk dawowa.

Mai Dogon Cebur: Wayar ma a naɗe ta daram a jikin sanda. In ta yi sako-sako ruwa na kaɗa ta, ƙarar ƙarya za ka yi ta ji. A duba zoben robar da ke bakin mahaɗi, in ya bushe a ɗan shafa masa giris na silikon. Masu faifai marar waya irin XP Deus II kuma su tuna saƙon rediyo ba ya ratsa ruwa, sai an ɗaura masa wayar eriya ta fito sama.

Baba Mai Lalube: Ga masu karatu da kan na'urarsu ba ya shiga ruwa, faifan kaɗai ke shiga: kada ku ɗaga faifai sama da kan, ruwan da ya taru cikin sanda gangarowa zai yi.

Kai kuma ɗana, in ka ji ta tawa, kada ka sayi komai yanzu. Shiga da inci 11 ɗinka sau biyar ko shida. In hannu ne ya dame ka ko shara, sauko kan dogon nan. Kuɗin babban faifan ka sa su a cebur mai huji-huji na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai doguwar ƙota.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai, Baba, na gode kowa da kowa. Cebur ɗin ma na roba gare ni, na yashi busasshe. Asabar zan gwada tafki in sha Allah.

Ɗan Iyo: Na roban nan bar shi a gida. Kuma notin faifai, da yatsa kawai za ka ɗaure shi.