Sun sallame ni, yanzu wai in maido albashin wata guda kafin su ba ni takardar fansho

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi. Shekara shida da wata huɗu ina aiki wani kamfani mai rarraba kayan masarufi nan Sakkwato, ba sai na kama suna ba, ni ke riƙe da littafin sito. Ran 28 ga Janairu anka kira mu mu bakwai ofishin manaja anka miƙa muna ambulan, wai kasuwa ta ja baya, daga 31 ga wata kowa shi zauna gida. Munka yi godiya munka watse. Sai ƙarshen Fabrairu ina zaune bakin shagon wani abokina Tsohuwar Kasuwa na ji alat, 120,000 cif, albashina yadda anka saba. Wallahi ban tambayi kowa ba na ɗauka haƙƙin sallama ne, ga azumi bakin ƙofa, na sai gero da sukari na biya kuɗɗin makarantar yara biyu sauran na kai ma mai gidan haya don shi sassauta man.

Yau wata biyar ba aiki, kabu-kabu nike taɓawa da mashin ɗin ƙanena in ya dawo makaranta. Wani ya ce man ana iya cire kashi 25 na kuɗɗin fansho in mutum ya rasa aiki, na tafi ofishin kamfanin fanshona sunka buga man sitetimen, akwai 1,080,000 ciki, sunka ba ni jerin takardun da zan kawo, har da wasiƙa daga wurin aikina da ke nuna sun zuba kuɗɗina duka. Da na koma wurin aikin sai akanta ya ce albashin Fabrairu kuskure ne anka manta ba a cire sunana ba, ba wasiƙar da zan gani sai na maido 120,000. Ni da ko 12,000 ban da ita. Kuma da na zauna gida na duba sitetimen ɗin da kyau wata tara ba su zuba ko kwabo ba alhali kowane wata ana cire man 7,200 a takardar albashi.

Tambayata, suna da ikon riƙe man wasiƙar? Suna iya zuwa su cire kuɗɗin cikin fanshona? Kuma in sun ƙiya wa zan kai ma kuka? Sannan wai da gaske ƙasar ga ba wani tallafi da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki?

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah shi musanya da mafi alheri. Bari in fara da ta ƙarshe don ita ce mai sauƙi: babu. Najeriya ba ta da alawus na rashin aiki da ake biya wata-wata, shirin N-Power ma da aka riƙa ba matasa naira 30,000 a wata aikin wucin gadi ne ba wannan ba. Abin da ya fi kusa shi ne kashi 25 ɗin nan, kuma kuɗinka ne ba na gwamnati ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce in ba ka kai shekara 50 ba, ka bar aiki ko an sallame ka, ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, kana iya karɓar har kashi 25 na abin da ke asusunka. A dokar 2004 wata shida ne ake jira. Kai ka cika sharaɗi.

Cirewa daga fanshonka kuwa ka kwantar da hankalinka, ba su da hanya. Kuɗin ba hannunsu yake ba, kai ma ka ga wahalar da kake sha kafin ka taɓa shi balle su.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ka ce 28 ga wata aka ba ka takarda, 31 ka bar aiki, kwana uku kenan. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye notis ɗin wata guda ake ba shi, in ba a bayar ba a biya shi albashin wata guda a madadinsa. To wace 120,000 ce kuskure? Je ka binciko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita ka karanta wurin da aka yi maganar sallama, da wuya ba ka iske wannan sharaɗin ba. In ba su biya ka komai ba bayan albashin Janairu to kuɗin da akanta ke kira kuskure ta yiwu daidai suke da abin da kake bin su, sai dai su ba su yi niyyar biya ba Allah ya fisge maka.

Sai wata taran nan, ita ce babbar magana kuma ita ce ta sa nake zargin ba 120,000 ce ta hana wasiƙar ba. Wasiƙar cewa take yi mun zuba kuɗinsa duka, wane akanta zai sa hannu kan haka shina sane da ramin wata tara? Yi lissafi: in ana cire maka 7,200 shi ne naka kashi 8 na ɓangaren albashin da ake lissafa fansho a kai, nasu kashi 10 zai zama 9,000, a haɗa 16,200 kowane wata, sau tara 145,800. Ka ga ko a hakan kai ke bin su. Kuma doka kwana bakwai na aiki ta ba su bayan biyan albashi su tura, in sun yi jinkiri akwai tara da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba kowane wata, kuma asusunka take shiga.

Abin yi, ka daina zuwa da baki. Rubuta masu wasiƙa, kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka riƙe. Ka ce kana neman a zuba wata tara, ka jera watannin, a kuma ba ka wasiƙar, ka ba su mako biyu. In shiru, ka rubuta ma PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, ka haɗa da sitetimen da takardun albashi na watannin da takardar sallama, ofishinsu na shiyyarmu Kano yake amma kana iya turawa ta imel. Suna da mutanen da aikinsu kenan bin kamfanoni bashin fansho. Maganar notis kuma ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na jiha ko hukumar karɓar koke-koken jama'a, duka ba a biyan ko sisi. Kotun ma'aikata ita ce ƙarshe, amma kan 120,000 kuɗin lauya sai su cinye ribar.

Uwargida Runjin Sambo:

Malam ni ba boko ne da ni sosai ba amma maigidana ya shiga irin wagga bara waccan. Abin da zan ce maka kar ka sa hannu ga kowace takarda da sunka miƙo maka. Shi sun ce shi sa hannu kawai don a rufe fayil, ashe ciki an rubuta ya karɓi haƙƙinshi duka ba ya bin su komi, da ƙyar anka warware. Kuma ka duba sunanka da ranar haihuwa na NIN da na fansho da na banki su zan iri ɗaya, shi harafi guda ne ya tsai da shi wata biyu, Abubakar nan Abubakr can, kullum je ka dawo cikin wanga zafin rana.

Amma kuma tsakani da Allah in ka bincika ka ga kuɗɗin ba naka ba ne to bashi ne wuyanka, ko dubu biyar-biyar ne ka ce za ka riƙa ba su, kar ka ce ai su ma sun ci naka. Nasu daban naka daban.

Basakkwace a Ingila:

Ni dariya ma abin ya ba ni, ba don halin da kake ciki ba ɗan'uwa, don mutane na ganin nan in ka rasa aiki kwanciya kake ana zubo maka fam. Akwai tallafin, Universal Credit, amma in an biya ka fiye da ƙima sai ka maido ko da kuskuren nasu ne, sai dai a hankali ake cira daga abin da ake ba ka kowane wata. In ba ka yarda ba wata guda gare ka ka nemi su sake duba hukuncin, in sun tsaya kan bakansu wani wata guda ka kai gaban kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta, kyauta. Abin da na koya nan shi ne tambayar farko: ku rubuto man nawa ne, na wane wata, ƙaƙa kunka lissafa. Ka yi ma akantan nan haka, ka ce shi rubuto maka a takardar kamfani cewa kuskure ne. Ka ga ko zai iya.

Shawara ɗaya da zan ƙara kan ta Baba Akanta, kashi 25 ɗin nan sau ɗaya ake karɓa, sauran sai ka kai 50. In ka karɓa yanzu 270,000 ne, in ka jira wata taran sun shiga ƙarin 36,000 da 'yan kai ne. Ka auna da kanka.

Tsohon Akanta:

Gaskiya ne sau ɗaya ne, amma ni ba zan ce ma mai iyali da ke kabu-kabu da mashin ɗin aro shi jira 36,000 ba, bin bashin nan na iya cin watanni. Kuɗin ba ɓacewa za su yi ba in sun shigo daga baya, suna nan suna haihuwa. Ka koma kamfanin fanshonka ka nemi ganin babba ba yaron kanta ba, ka nuna mashi wasiƙarka mai hatimi ka ce tsohon wurin aikina sun ƙi, mi kuke yi ma irina? In su ma sun ƙi biya su rubuta maka dalili, shi ma hukuncinsu PenCom na sake dubawa in ka nema a rubuce.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai Allah shi bar zumunci. Baba Akanta daren jiya na zazzage jakar takardu har uwar yara na tambayata mi ya ɓace, na iske takardar ɗaukar aikin cikin ledar takardun haihuwa, gefenta duk gara ta taɓa amma layin shina nan, wata guda ko albashin wata guda. Na kai an yi fotokwafi uku. Hajiya, na duba, NIN da fansho sun yi daidai, na banki ne ba sunan kakana ciki, Litinin zan shiga a gyara.

Yau da safe na kai wasiƙar, sakatariya ta ce hatimi na wurin manaja kuma ya tafi Illela, na ce ba komi na jawo benci na zauna, bayan azahar sai ga hatimi ya fito daga durowarta. Akanta ya wuce ni sau biyu ko gaisuwa. Na kira biyu cikin waɗanda anka sallame mu tare, su ma alat ya shigo masu Fabrairu kuma ba wanda ya taɓa buga sitetimen cikinsu, gobe za mu tafi tare. Baba in mu uku ne, wasiƙar PenCom ɗaya za mu rubuta mu sa hannu duka ko kowa tashi?