An daki motata ta baya: gareji zan fara ko inshora?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani ya daki Corolla ɗina ta baya a danja. Bamba ta tsage, fitilar hagu ta fashe, but ba ya rufuwa sai an danna da ƙarfi. Ya amsa laifinsa, ya ce yana da inshorar tad fati, wato mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani, ni ma irinta gare ni. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Allah ya tsare gaba. Malam, kada guduma ta taɓa motar nan tukuna. Taka inshorar ba za ta biya ka ba, tasa ce ke ɗaukar ɓarnar da ya yi maka. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin tad fati na motar gida naira 15,000, biyan ɓarnar dukiya kuma har miliyan 3. Fara duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na intanet, NIID, don takardun bogi sun yi yawa. In ta gaske ce, shi zai sanar da kamfaninsa a rubuce cikin gaggawa. Kai kuma ka haɗa rahoton 'yan sanda, hotuna da lambar mota a ciki, takardun mota, da kiyasin gyara a rubuce. Sai injiniyansu ya gani da ido. Wanda ya riga ya gyara, da me zai nuna ɓarnar?

Amsa ta biyu: Batun but ɗin ne ya fi damuna, Alhaji. Ɗaga kafet, ka fitar da safaya, ka duba ƙasan. In ka ga ƙarfe ya tattare ko fenti ya tsattsage, dukan ya shige bamba. Wannan jawowa ake yi a auna, ba cikawa ba. Fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, kada ta wuce kaurin milimita 3. In aka lafta, zafin rana kaɗai ya isa ya tsaga ta, ruwa ya shiga, tsatsa ta biyo. Fitila ka nemi ta Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Lambar fenti tana jikin takardar da ke ginshiƙin ƙofar direba, da ita za a haɗa kala. Ranar karɓar motar daga gareji ka kwara ruwa a kan but, ka buɗe ka leƙa.

Amsa ta uku: Kada ka sa hannu a takardar sallama, wato wadda kamfanin inshora zai ba ka ta cewa an gama biyanka, sai kuɗin ya yi daidai da abin da aka gano bayan an cire bamba.