Wasan labari a fadarmu: yaya zan tsara addini da asiri ban taɓa imanin kowa ba?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema kan abin da ya tsaye mini a rai wata biyu ke nan.

Mu shida ne a fadarmu ta hira nan unguwar Bagalam a Maradi. Duk daren Asabar bayan isha'i, in an ɗora shayi, sai mu baje tabarma mu yi wasan labari. Ga wanda bai san shi ba: mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai yi, ƙwaya mai fuska 20 da ake jefawa, kowace fuska da lambarta, ita ke raba gardama. Abokinmu da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya kawo mana dokokin Dungeons & Dragons da Faransanci a waya, wasan da ya fara fita a Amurka a 1974. Ni ke jan labarin.

A dokokin nan akwai jarumin da ƙarfinsa duka daga abin bautarsa yake zuwa, duniyar kuma cike take da gumaka da masu yi musu hidima. Daren da muka kai wurin, aminina ya aje ƙwayar ya ce bakinsa ba zai furta roƙon wani abin bauta ba, ko da wasa. Ban ga laifinsa ba, ni ma abin ya yi mini nauyi a harshe. Sai na ce bari in jawo na gida. Na cika shafi huɗu na kaye da iskokin bori, su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, da birninsu Jangare. Wani cikinmu da gwaggonsa ke bori ya ja ni gefe, ya roƙe ni kada in kira sunayen nan da dare, a gidansu ba abin wasa ba ne. Wani kuma ya ce a sa malami mai allo da rubutun sha. Wannan ni da kaina na ƙi, aya ba za ta zama maki a hannuna ba.

Yanzu tawa duniyar nake ginawa: ƙasa mai gulbi ɗaya da ke zuwa da damina ya ƙafe da rani, kamar namu. Me mutanenta za su yi imani da shi, kuma daga ina asirinsu zai fito?

Mai Shayi:

Wa alaikumus salam. Abokina, cire addinin gaba ɗaya ka huta. Bar takobi da doki da dodo. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wa ya taɓa tambayar addininsu? Kuma ta yi daɗi.

Tsohon Malamin Lakwal:

Ɗana, ban yarda da Mai Shayi ba. Tatsuniya dare ɗaya ce, ƙurunƙus an watse. Kai ƙasa kake ginawa da za ku zauna cikinta wata da watanni. Ranar da jarumin wani ya mutu, wa zai binne shi, da wace magana? In an kama ɓarawo a kasuwa, da me zai rantse? In ba ka da amsa, yaran za su ji ƙasar kwali ce.

Kuskurenka shi ne ka fara da jerin sunaye. Fara da abin da mutanen ke tsoro. Dubi garinmu: a 1945 Gulbin Maradi ya ci tsohon gari da ke kwari, aka komo bisa tudu. Ɗauki wannan ƙashin ka sa masa naka naman. A ƙasarka a ce kakanni sun ƙulla alkawari da gulbin, wani sarki ya karya, ruwa ya cinye birni. Waɗanda suka hau tudu suna cewa alkawarin ya mutu tare da tsohon birni, waɗanda suka zauna bakin kwari suna cewa bashi ne, yana nan. Ga ɗariku biyu ka samu, ga rikici, ba ka ambaci gunki ko ɗaya ba.

Sannan ka ba addinin kujera a fadar sarki. A fadar Maradi akwai Iya, a Tibiri akwai Inna, mata ne daga gidan sarauta da al'amarin bori ke hannunsu. Kada ka ɗauki sunansu ko aikinsu. Darasin kawai za ka ɗauka: mai riƙe da irin wannan al'amari yana da gida da bara da abokan gaba, kuma sarki na shakkar sa. Ƴan wasanka kuwa ba sai sun bauta wa komai ba. Su zama baƙi, fatake da suka shigo da ayari, suna gani suna ji, suna yanke hukuncin wa za su taimaka.

Ƴar Maƙera:

Baba Malam ya gama maganar addini, ni asirin zan taɓa. Yaya, me ya sa kake neman boka da sanda alhali gado na gabanka? Mu a gidanmu wuta ce gadonmu. In yaro ya ƙone a unguwa, gidan maƙera ake fara kawo shi. Wanzami da askarsa da ƙahonsa, Sarkawa da ruwa, maharba da daji, ƴan tauri da ƙarfe. Kowa da iyakarsa, maƙeri ba ya shiga hurumin Basarke. Ka ba kowane jarumi gado ɗaya tak, dole su nemi juna.

Abu biyu kada ka manta. Na farko sharaɗi: duk wanda aka ba wani abu, akwai abin da aka hana shi. Na biyu makari. Ko a labarin maita da muka taso muna ji, in maye ya kama kurwar mutum, ai cewa ake a sa shi ya tsallake marar lafiyar ya sake ta. Asirin da ba shi da makari zai kashe maka wasa, mai layar zana zai shige ko'ina ya fito, sauran su zauna kallo.

Ɗan Bagalam:

Baba Malam, ƙanwata, Allah ya saka da alheri. Mai Shayi, na gode, amma hanyar Baba na bi. Jiya muka gwada.

Na raba wa kowa ƙwallon dabino 5. Duk mai son taɓa gadonsa sai ya aje ɗaya a faranti ya jefa ƙwaya. In ta ba da ƙasa da 6, abin ya juyo kansa. Ƙwallon ba ya dawowa da barci kamar a dokokin Turawa, sai jarumi ya yi wa wani aikin gadonsa kyauta. Maƙerin an hana shi kashe wuta da ruwa. Maharbin ba ya cin naman abin da ya harba da kansa. Wanda ya karya sharaɗi, farantin ya cinye nasa duka.

Mutanen kwari kuma na ba su gawo. Tun ina yaro a gonar kakana nake mamakin itacen nan, ya zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi ganye da rani. Sai na sa suka ce shi kaɗai ya ƙi shan ruwan gulbin tun ranar da aka karya alkawari, don haka a gindinsa suke rantsuwa. Aminina da ya aje ƙwaya kwanaki shi ya ɗauki maƙeri. Da gobara ta tashi a rumbunan mutanen kwari, ga tulu cike a gabansa, ya yi shiru har shayi na biyu ya huce, sannan ya ce a miƙo masa tulun. Da hannunsa ya zuba dabinonsa huɗu a faranti.

Saura abu ɗaya, Baba. Tsohuwar da ke riƙe da alkawarin gulbi a fadar tudu har yanzu ba ta da sunan sarauta, kuma Asabar mai zuwa za su shiga wurinta. Ina son suna da zai yi kama da namu a kunne amma ba na kowa ba ne. Wa ke da shawara?