Shafin shagonmu yana buɗewa a waya amma kwamfutar gida tsohon take nunawa

Sani_Kawo:
Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Shekaranjiya muka kwashe shafin shagonmu na yadi da shadda daga tsohuwar saba (kwamfutar da ake ajiye shafin a kanta) zuwa sabuwa, a waya in na kunna data yana buɗewa lafiya lau harda sabbin hotuna, amma kwamfutar gida dake kan wayfai har yanzu tsohon take kawo min da farashin bara. Na goge tarihin burauza, na kashe na kunna har sau uku, shiru kake ji.

Injiniya_TW:
Wa'alaikumus salam. Matsalar DNS ce wannan, wato tsarin da yake maida sunan shafi zuwa lambarsa. Ita kwamfuta bata san suna ba lamba ta sani, wato adireshin IP, to in ta tambaya aka bata sai ta riƙe zuwa wani lokaci da ake kira TTL, kamar dai ka haddace lambar mutum alhali ya canza layi. In Windows ce buɗe cmd, wato wajen rubuta umarni, ka rubuta ipconfig /flushdns dan ta wanke lambobin da ta riƙe. Chrome ma tana da tata ma'ajiyar daban, shiga chrome://net-internals/#dns ka danna Clear host cache, sannan ka zare rautar daga wuta na minti ɗaya dan ita ma tana riƙewa.

Sani_Kawo:
Nayi duka yallaɓai, tsohon dai.

Maman_Hanan:
Malam Sani kayi haƙuri, wani sa'in sai ya kai awa 48 kafin sabon adireshin ya gama zagawa. Ko ka maida DNS ɗinka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1, nidai shi nake amfani dashi anan Barnawa.

Injiniya_TW:
Hajiya ai shekaranjiya yace, kuma waya tana gani. Sani a cmd ɗin rubuta nslookup da sunan shafin, sannan ka rubuta ping da sunan, kowanne zai nuna maka lambar shafin. In nslookup ya baka sabuwar lamba ping kuma ya tafi tsohuwa, to fayil ɗin hosts ne, wato inda ake rubuta sunan shafi da lambarsa da hannu a cikin kwamfutar, dan nslookup baya leƙa shi, ita kuwa kwamfutar shi take fara dubawa kafin ta tambayi kowa, shiyasa ko sau ɗari ka wanke babu abinda zai canza. Yana C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts, ka buɗe da Notepad a matsayin admin in ba haka ba bazai yarda kayi sebin ba.

Sani_Kawo:
Kai jama'a! Gashi nan a layin ƙarshe, tsohuwar lambar da sunan shafin kusa da ita. Sai yanzu na tuna yaron da ya haɗa mana shafin akan kwamfutar nan ya zauna yana gwaji tun farko, ashe shi ya saka ya manta. Na goge layin, sabon ya buɗe. Allah ya saka da alheri Injiniya, in ka shigo Kasuwar Barci ka neme ni akwai yadi biyar naka.