Me za a shimfiɗa a bayan bajoji?

A hirar da muka yi a unguwar Nima da ke Akara ranar Asabar, wani ƙanenmu ya kawo bajojin da ya gada daga kakansa, har da na samun 'yancin kan Gana na 1957. Yana so ya jera su cikin akwatin gilashi ya rataye a falo.

Yawancinmu mun tsaya kan karammiski baƙi ko shuɗi mai duhu, a lulluɓe shi kan soso mai tauri. Allurar bajo tana shiga ta zauna daram, launin kuma yana fito da ƙyallin ƙarfen. Ana samun yadin a kasuwar Makola.

Inda aka fi jan magana shi ne ulu. Wani dattijo maƙerin azurfa ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura, ulu yana baƙanta azurfa." Na yarda da shi, don ulu na fitar da sinadarin farar wuta. Kwalin shago ma ba a so, yana jawo tsatsa.

Danshin teku a Akara kuwa ba wasa ba ne, shi ya sa aka ce ya saka 'yan ƙunshin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi, ya kuma rataye akwatin inda rana ba ta bugawa.