Takardar laburare ta ce hira ba ta shiga manazarta, yaya zan yi da tsofaffina?

Ɗaliba_Aji4:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen Hausa, kundina a kan waƙoƙin daka da na niƙa ne na matan ƙauyenmu. An ce mu bi tsarin APA wajen ambaton littattafai da jera su a manazarta a ƙarshen kundi, sai na karɓo takardar jagora da laburarenmu ya fitar, wadda aka gina kan bugu na 7 na littafin tsarin. Tun shafin farko ta saɓa da kundayen da ke jere a ofishin sashe. Su duk suna rubuta garin da aka buga littafi, Zariya ko Kano ko Ibadan, kafin sunan kamfani, ita kuwa ta ce a bar garin.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hira. Kusan duk babi na huɗu daga bakin tsofaffin mata na samo shi, ina zaune da su a tsakar gida ina naɗa a waya. Takardar ta ce a cikin rubutu kawai ake ambaton hira. Ke nan tsohuwar da ta jingine taɓarya ta rera mini waƙar da babu ita a kowane littafi ba za ta fito a ƙarshen kundi ba, amma wanda na ɗauko layi ɗaya a muƙalarsa zai fito? Sai kuma ƙamusun Hausa na Bargery: na hannuna bugun Zariya ne na 1993, alhali kowa 1934 yake sawa. Wanne zan rubuta?

Ma'aikacin_Laburare:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Da takardar da kundayen, babu wanda ya yi kuskure. Bugu na 7 ya fito a ƙarshen 2019, shi ne ya cire sunan gari. Kundayen da kika gani da bugu na 6 ko na gabansa aka yi su, wasu kuma na baya-bayan nan sun kwafi na gabansu ido rufe. A bugu na 7 ne kuma aka canza dokar marubuta uku ko fiye: yanzu tun ambaton farko sunan na farko kawai ake sawa, a bi shi da et al., wanda namu ke rubutawa “da wasu”.

Batun Bargery, shekarun biyu za ki haɗa. A cikin rubutu ki sa (Bargery, 1934/1993). A manazarta ki ba da bayanin bugun da kika riƙe da hannunki, a ƙarshe ki nuna an fara buga shi a 1934. Dalili shi ne mai dubawa ya iya zuwa shafin da kika ce ya tarar da maganar a wurin.

Wannan dalilin ne ma ya fitar da hira. A wajen APA, manazarta wurin abin da mai karatu zai iya nemowa ne da kansa. Ba raina tsofaffinki aka yi ba, hirar da ke cikin wayarki ce ba ta hannun kowa sai ke.

Tsohon_Ɗalibi:
Malam ya faɗi dokar yadda take, amma 'yar'uwa, kada ki tsaya nan. APA ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ce ta tsara shi, ba don mai nazarin adabin baka ba. Mu da muka yi digiri na biyu a fannin Hausa, bayan manazarta muna buɗe wani shafi daban na waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, gari ko unguwa, da ranar da aka yi hirar. Waƙoƙin kuma a juye su gaba ɗaya a sa a rataye, sai ki riƙa tura mai karatu can. Da haka tsohuwarki ta samu shafinta, mai jarrabawa na waje kuma ya samu abin da zai duba.

Abu biyu kawai. Ki tambayi kowacce ko ta yarda a rubuta sunanta, don waƙar daka cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, kuma kundi yana komawa gari. Na biyu, ki ɗauki takardar laburaren ki kai wa malamin da ke duba ki, ki nuna masa wuraren da ta saɓa da na sashe. Abin da ya zaɓa shi za ki bi daga babi na ɗaya har ƙarshe. Ranar kare kundi, abin da ake kamawa shi ne a ga gari a wannan littafin, babu a na ƙasansa.

Mai_Kwamfuta:
Ki sauke manhajar Zotero, kyauta ce, tana jera manazarta da kanta. Sai dai ki duba sunaye ɗaya bayan ɗaya. Marubutanmu da yawa sunan gari ne a ƙarshen sunansu, kuma shi ake fara sawa, kamar Gusau, S. M. Bayanan da ake kwasowa daga intanet kan zo a birkice, ƙ da ɗ da ɓ kuma su koma alamar tambaya.

Ɗaliba_Aji4:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar neman izini ta shige ni, don akwai waƙa ɗaya da duk unguwar sun san da wa ake. Malam, idan wata ta ce kada a sa sunanta fa?

Ma'aikacin_Laburare:
Ki ba ta lamba ko sunan aro, amma ki rubuta shekarunta da ranar hira, ki kuma faɗa a babin hanyoyin bincike cewa kin sakaya wasu sunaye bisa buƙatar masu su. Idan unguwar ƙarama ce, sunan gari ya isa.