Neman kalma: me za mu kira mai fito da sabon irin 'ya'yan itace?

Mai Shirin Noma: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shiri kan John Cripps, wanda ya fito da tuffar Pink Lady a Yammacin Ostareliya, ya rasu a 2022. Ina neman Hausar plant geneticist da fruit breeder. "Masanin ƙwayoyin halittar tsirrai" ya yi wa rediyo tsawo.

Baba Na Lambu: Hajiya, ki ce mai auren itatuwa. Wa bai san mangwaro ɗan aure ba?

Malamin Gona: Baba, a gafarce ni, aure daban ne. Ka yanko reshe, ka tsaga dashe, ka cusa, ka naɗe da leda. Abin da zai haifa irin uwar reshen ne sak. Shi Cripps, a 1973 ya haɗa Golden Delicious mai zaƙi da Lady Williams mai jure ajiya ta hanyar garin fure, ya shuka ƙwallayen. A tuffa kowane ƙwallo da halinsa yake fitowa. Sai a yi shekaru ana jiran su yi 'ya'ya, a ɗanɗana, a sare waɗanda ba su yi ba. Wanda aka zaɓa shi ake yaɗawa da aure. Aure a ƙarshe yake zuwa.

Baba Na Lambu: To mai barbarar fure ke nan.

Mai Shirin Noma: Baba, ba zan iya faɗin barbara a shirin da ake ji da yara ba.

Malam Nahawu: Tushen maganar tsatso ne. Yadda muke da manomi da maƙeri, mu ce matsatsi. Na daɗe ina kawo wannan shawara.

'Yar Jami'a: Malam, manomi daga noma, maƙeri daga ƙera, duk aikatau ne. Tsatso suna ne. Kuma matsatsi na nan da ma'anarsa ta ƙunci.

Malam Nahawu: To masanin tsatson shuka. Amma "ƙwayoyin halitta" ban yarda da ita ba. Ita ce a labarin jini, ita ce a labarin gado, ita ce a labarin cuta. Gidajen rediyo sun ɗora mana ita, mu da muka karanta harshen ba a tambaye mu.

Ɗan Maraɗi: Mu fa, wa ke tambayarmu? Ku yanke a Kano da Kaduna, mu ji a iska. A nan ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, masu binciken iri muke ce musu, manomi ya gane.

Malam Nahawu: Binciken iri ai har mai duba buhu a kasuwar Dawanau yana yi.

Malamin Gona: Ana cewa ingantaccen iri tun daga masarar cibiyar binciken noma ta Samaru har wakenta. Mu ɗora a kan abin da kunne ya saba: mai samar da sabon iri. Plant geneticist kuma, masanin gadon tsirrai.

Mai Shirin Noma: Na ɗauki ta farko. Ta biyun sau ɗaya zan faɗa, in bi ta da bayanin garin fure. Na gode.

Malam Nahawu: Gado na dukiya ne. Ki yi shirinki, Hajiya, amma a takarduna tsatso zan ci gaba da rubutawa.